Kiɗa, Wasan Kwaikwayo da Tashin Yaro a Chagoua

Wanda ya taso daga Kousseri ta ƙasar Kamaru zai shiga N'Djamena, ruwa biyu zai haye: Logone a gadar Ngueli, sannan Chari. Gadar Chari kuwa a Chagoua take sauke mutum, unguwa mai cunkoso a gunduma ta bakwai, kudu maso gabashin birnin. Galibin mazaunanta 'yan kudancin Chadi ne, Ngambay da sauran dangin Sara, da Tupuri da Masa da Mundang, amma a kasuwa da bakin titi Larabcin Chadi ke haɗa kowa, a makaranta kuma Faransanci. Yaron da ya tashi a nan, kafin ya kai shekara goma, ya riga ya saba da sauya harshe sau uku tsakanin ƙofar gidansu da ƙofar aji.

Yara kuma su ne mafi yawa. Kusan rabin mutanen Chadi ba su kai shekara 15 ba. Azuzuwan makarantun gwamnati a cike suke maƙil, yajin aikin malamai yakan cinye makonni, kuma ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna fiye da yara tara cikin goma a ƙasar suna kai shekara goma ba tare da sun iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Ana tashi makaranta da rana tsaka. Daga nan har magariba, wa ke riƙe da yaron? Uba yana wajen nema, uwa tana kasuwa, gida ɗaki biyu ne da zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. A waje akwai 'yan acaɓa da ake kira kalando, akwai gidajen bili-bili, akwai masu sayar da taramol a ɓoye. Duk maganar da za a yi kan amfanin kiɗa da wasan kwaikwayo ga yaron Chagoua, a wannan yammacin da ba shi da mai shi take farawa.

Masu neman cike gurbin ba su da yawa, amma akwai su. A cikin unguwar akwai cibiyar matasa ta Don Bosco, wadda ke ɗauke da sunan wani limamin Katolika na birnin Turin a Italiya da ya rasu a 1888, mutumin da ya riƙa jawo yaran titi da wasan dabo da kiɗa da 'yan wasannin kwaikwayo kafin ya zaunar da su karatu da koyon sana'a. Akwai ƙungiyoyin mawaƙan coci, waɗanda a gaskiya su ne babbar makarantar kiɗa ta kudancin birnin, domin a can yaro ke fara taɓa jita da ganga da fiyano ba tare da ya biya ko sisi ba. Ƙungiyar H'sao ta fito ne daga irin wannan gida: 'ya'yan wani fasto ne, 'yan gidan Rimtobaye, da abokansu, waɗanda rashin kayan kiɗa ya sa suka goge wajen waƙa da murya zalla. A 2001 suka ci lambar tagulla a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Kanada.

Idan aka tambayi masu shirya irin waɗannan ayyuka mene ne amfaninsu, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsu ita ce kiɗa yana buɗe ƙwaƙwalwa, yaro zai fi gane lissafi. Magana ce mai daɗin ji, kuma tana saurin shawo kan iyaye da masu ba da tallafi, sai dai bincike bai tsaya mata yadda ake zato ba. Asalinta wani ɗan gwaji ne da aka yi a Amurka aka wallafa a 1993, inda ɗaliban jami'a suka saurari kiɗan Mozart na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawar siffofi, tasirin kuma ya gushe cikin kwata na awa. Daga wannan 'yar ƙwarya-ƙwaryar sakamako aka gina kasuwar faifai ta jarirai. A 2004 Glenn Schellenberg ya yi gwaji mafi tsari a Toronto: ya raba yara 144 'yan shekara shida gida huɗu, wasu fiyano, wasu waƙa, wasu wasan kwaikwayo, wasu ba komai, tsawon makonni 36. 'Yan kiɗa da waƙa sun fi sauran da maki kusan uku a ma'aunin basira, abin da bai taka kara ya karya ba. A 2020 kuma Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka ce idan aka tace waɗanda aka yi su da kyau, koyon kiɗa ba ya ƙara wa yaro komai a lissafi ko karatu.

Amma a cikin wancan gwajin na Toronto akwai wani sakamako da ba a cika ambata ba. Yaran da aka sa a wasan kwaikwayo su kaɗai ne iyayensu suka ga canji a zamansu da mutane. A Leipzig ta Jamus, a 2010, Sebastian Kirschner da Michael Tomasello sun sa yara 'yan shekara huɗu wasa iri ɗaya, wasu da waƙa da rawa tare, wasu babu. Da aka shirya wa abokin wasa ɗan hatsari kayansa suka zube, waɗanda suka yi waƙa tare sun fi tsayawa su taimaka. A Venezuela ma, inda José Antonio Abreu ya kafa shirin koya wa yaran talakawa kiɗa a 1975, an yi gwaji da yara kusan 2,900, aka tarar bayan shekara guda ba su ƙara kaifin basira ba, amma sun ƙara iya kame kai, kuma canjin ya fi fitowa a jikin yara maza da suka tashi cikin tashin hankali. To, a nan amfanin yake. A ganina, wanda ya kai ɗansa koyon kiɗa don ya ci lissafi ya yi ɓatan kai. Gara ya nema masa malamin lissafi. Abin da kiɗa da wasa ke ginawa hali ne, kuma ba ranar biki a gaban 'yan kallo ake gina shi ba, a wajen gwaji ne, yamma bayan yamma, inda babu tafi.

A duba abin da ke faruwa a wajen gwajin. Yaro ɗan shekara goma sha biyu an ba shi ƙaramar ganga, an ce aikinsa bugu ɗaya ne a wuri ɗaya, ya maimaita shi har waƙar ta ƙare. Hannunsa yana ƙaiƙayin ya yi gwaninta, amma da ya ƙara bugu ɗaya sai komai ya wargaje, kowa ya juyo ya dube shi. Ba duka, ba zagi, kunnensa da kansa ya gaya masa ya yi kuskure. Wannan irin gyara ba kasafai yaro ke samunsa a aji mai ɗalibai fiye da ɗari ba, inda malami bai ma san sunansa ba, kuskurensa kuma ko dai ya wuce ba wanda ya lura, ko ya jawo masa bulala. A ƙungiyar waƙa mai murya huɗu, dole yarinya ta riƙe nata layin alhali kunnenta yana jin na maƙwabciyarta da ya sha bamban, ba ta bi ta ba, ba ta kuma danne ta ba. Wanda ya taɓa zama cikin 'yan amshin makaɗan fada ya san wannan horo: ka san lokacin shigarka, ka san lokacin yin shiru, ka bar wa uban kiɗi filinsa. Sannan ga abin da ya fi duka nauyi a wurin yaro: idan bai zo ba, za a san bai zo ba. Akwai gurbin da shi kaɗai ke cike shi, akwai babba da zai aika a tambayi lafiyarsa. Yaro da yawa a unguwa irin Chagoua bai taɓa jin an ce ana jiransa a wani wuri ba.

Wasan kwaikwayo yana ƙara wani abu a kan wannan, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Tun daga goma ga watan azumi yaranmu ke fita tashe. Yarinya ta ɗaura rawani ta zama Daudu, ƙawarta ta zama Mairama, su kwaikwayi zaman miji da mata a tsakar gidan mutane, matan gida suna dariya suna gyara musu. Yaro ya rataya tarkace ya zama Jatau Mai Magani, ya yi ta zuba sunayen itatuwa da cututtuka. A wasan gauta kuwa, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu, a faɗa musu abin da ba mai iya faɗa da bakinsa. Yaron da ya sa gemun auduga ya rangwaɗa kamar tsoho, ya yi kwanaki yana lura da yadda tsofaffi ke tafiya, yadda suke zama, abin da ke ɓata musu rai. Kafin ka kwaikwayi mutum sai ka dube shi da kyau, kuma da wuya ka dubi mutum da kyau ka ci gaba da ɗaukarsa ba komai ba. Masanin halayyar yara na Rasha, Lev Vygotsky, ya lura tun a shekarun 1930 cewa a cikin wasa yaro kan bi ƙa'idar da ba zai iya bi a zahiri ba. Misali, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, idan aka ce shi ne mai gadi, sai ya ƙame.

A N'Djamena wannan shiga rigar wani ba ƙaramin abu ba ne, saboda tarihin birnin. Yaƙin da ya ɓarke ranar 12 ga Fabrairun 1979 daga makarantar sakandare ta Félix Éboué ya fara, tsakanin ɗalibai, kafin ya zama na sojojin Hissène Habré da na Shugaba Félix Malloum. 'Yan kudu suka kwashe iyalansu suka bar gari, da suka dawo kuma birnin ya zauna a rabe: unguwannin arewa galibi Musulmi, na kudu irin Moursal da Chagoua galibi Kirista. Har yau akwai matashin da zai girma a gefe ɗaya bai taɓa cin abinci a gidan ɗan ɗaya gefen ba. Bayan haka ga harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008, lokacin da dubban mutane suka bi ta gadojin nan suka tsere Kousseri, ga kuma 20 ga Oktoban 2022, ranar da aka harbe masu zanga-zanga da dama, mafi yawansu matasa, a unguwannin kudancin birnin, Chagoua na ciki. Yaran da ke gwajin waƙa a yau sun ji ƙarar harbin da kunnensu.

Shi ya sa wuraren da ke haɗa yaran ɓangarorin biyu a kan aiki ɗaya suke da daraja fiye da girman gininsu. Cibiyar Al-Mouna, wadda wata mai hidimar coci 'yar ƙasar Lebanon, Nadia Karaki, ta kafa a 1986, don wannan aka yi ta. Gidan al'adu na Baba Moustapha yana ɗauke da sunan marubucin wasan kwaikwayon da ya rasu a 1982 yana ɗan shekara 30, wanda wasansa Le Commandant Chaka, mai sukar mulkin soja, bai fito ba sai bayan rasuwarsa. Vangdar Dorsouma da ƙungiyarsa ta Maoundôh-Culture sun daɗe suna horar da matasa, kuma bikin wasannin da suke shiryawa an sa masa sunan haɗin kai da zaman lafiya ne. Ba na cewa wasa ɗaya zai goge abin da yaƙi ya rubuta. Taron wa'azin zaman lafiya na kwana biyu a otal ma bai goge ba. Bambancin shi ne, a wajen gwaji ba a ce wa Mahamat da Djimtoloum su so juna. Ana ce musu ranar Asabar za a buɗe labule, kuma idan ɗaya ya manta layinsa ɗayan ne zai rufa masa asiri. Wata uku ana haka, sai ka tarar ɗaya ya san hanyar gidan ɗaya.

Kakannin waɗannan yara ba su bar wannan aiki ga sa'a ba. Masa da Tupuri na bakin Logone suna da guruna: samari su bar gida su tare a sansani da shanu tsawon watanni, suna shan madara, suna kokawa, suna koyon waƙoƙi da rawa, waƙoƙin kuma cike suke da yabo da zambo kan abin da ya faru a ƙauyuka, ta yadda saurayi zai san abin da jama'arsa ke ɗauka abin kunya. Sara suna da yondo, shigar samari daji, inda rawa da waƙa ke cikin abin da ake koyarwa. Mu ma muna da dandali, da gaɗa, da kalankuwa bayan kaka, da sarkin samari da ke hukunta wanda ya yi rashin ɗa'a. Birni ya karya waɗannan duka, bai kawo madadinsu ba. Makarantar boko ta ɗauki karatu da rubutu, ta bar sauran. Ƙungiyar rawa ta unguwa, da duk talaucinta, ita ce ta gaji wannan gurbi, ko ta sani ko ba ta sani ba. Tarihin yondo kuma yana da gargaɗi a ciki: lokacin da Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati 'yan kudu shigarsa a 1973 da 1974, abin ya koma azaba, aka kashe fastocin da suka ƙi, kuma yana cikin abin da ya ƙara masa baƙin jini kafin juyin mulkin Afrilun 1975.

Inda aka fi ganin ƙarfin abin shi ne wajen yaran da suka riga suka faɗa titi. Wani ɗan rawa, Aleva Ndavogo Jude, ya fara ne da fita da amsa-kuwwa inda yaran ke kwana, ya kunna kiɗa, su taru su yi rawa. Daga nan aka samu cibiyar Dakouna Espoir, wadda ke ba su wurin kwana, ta mai da wasu makaranta, wasu wajen koyon sana'a, wasu gidan iyayensu. Taïgué Ahmed kuma ya kafa ƙungiyar Ndam Se Na a 2005, ya riƙa kai rawa sansanonin 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya a kudancin Chadi. Hikimar a fili take. Yaron da ya sha duka a hannun manya ba ya yarda da babban da ya zo masa da nasiha ko takardar cikewa, amma jikinsa yana amsa kiɗa kafin zuciyarsa ta yanke shawara. Sai dai kada a ruɗe: rawar ƙofa ce kawai. Abin da ke riƙe yaron bayan ya shigo shi ne tuwo, da tabarma, da babban da zai kasance a wurin gobe da jibi. Inda aka kawo kiɗa na mako biyu aka ɗauki hotuna aka tafi, yaran suna komawa inda aka same su.

Yanzu sai uban da ya ce shi ɗansa ba zai yi ba. Bai kamata a yi masa kallon wanda bai waye ba, domin yana da hujja. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an daɗe ana ajiye maroƙi a ƙasan tsani. Mamman Shata kansa, da ba gadon kiɗa ya yi ba, sai da ya sha fama da mahaifinsa. Hausawan N'Djamena, waɗanda kakannin da yawansu hanyar Makka ce ta ajiye su tun garin yana Fort-Lamy, sun riƙe wannan ra'ayi, maƙwabtansu Larabawa da Barebari ma haka. Ga saɓanin malamai kan kayan kiɗa, wanda ba yau aka fara ba. Ga kuma abin da ido ke gani: a N'Djamena mafi yawan wuraren da makaɗi zai samu kuɗi mashaya ce. Uban da ke tsoron kada jita ta kai ɗansa can ba mafarki yake ba.

Amsar da zan ba shi daga cikin gidansa za ta fito. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jagororinta mata na 'Yan Taru, domin ta san abin da aka rera ya fi zama a ka. Makarantun Islamiyya daga Kano har Abeche suna sa yara rera ƙasidu, suna shirya 'yan wasanni ranar saukar karatu ko Mauludi, kuma yarinyar da ta tsaya gaban iyaye ɗari biyu ta yi magana ba tare da muryarta ta yi rawa ba ta samu abin da muke magana a kai, ko da ba a buga ko tafi ba. Malam Aminu Kano da wasan kwaikwayo ya fara koya wa ɗalibansa tambayar masu mulki tun yana malamin makaranta. Don haka tambayar da ta dace uba ya yi ita ce: wa ke koyarwa, a ina, ƙarfe nawa ake tashi, me ake rerawa? Ya je da ƙafarsa ya gani. Wannan ya fi muhimmanci ga 'ya'ya mata, a ƙasar da kusan shida cikin goma ake aurar da su kafin shekara 18 duk da dokar 2015 da ta hana. Su ne aka fi hanawa, su ne kuma suka fi buƙatar wurin da za a ce su ɗaga murya. Mounira Mitchala, wadda ta ci gasar sababbin mawaƙa ta gidan rediyon Faransa a 2007, ta buɗe wa wasu ƙofa, amma haɗarin da iyaye ke tsoro na gaske ne: inda babba ɗaya ke da ikon cewa wace ce za ta hau dandamali, kuma babu mai sa masa ido, ana samun cin amana. Shirin Venezuela da ake ta yabo ma bai tsira daga irin wannan zargi ba.

Akwai wani haɗarin da masu son fasaha ba su cika son a taɓo ba. Ƙarfin da ke sa yara su ji su ɗaya ne idan suna waƙa tare ba ya tambayar me ake waƙa a kai. A zamanin Habré, jam'iyyarsa ta UNIR da aka kafa a 1984 tana da ƙungiyoyin matasa da mata masu rawa da waƙar yabon shugaba, salon da aka aro daga Mobutu, a daidai lokacin da ake azabtar da mutane a gidajen yarin 'yan sandan ciki. A batun Ruwanda, kotun duniya ta ɗaure shahararren mawaƙi Simon Bikindi shekara 15 a 2008 saboda tunzura kisan ƙare dangi. Mu ma mun san abin da waƙar siyasa ke yi wa 'yan jagaliya idan zaɓe ya matso. Kiɗa yana ɗaure yaro da ƙungiya. Ko ƙungiyar ta kirki ce, wannan aikin manya ne.

Wani ciwon kuma ya fi laushi, amma ya fi yaɗuwa. Da yake kuɗin wasan kwaikwayo a Chadi galibi daga ƙungiyoyin agaji yake fitowa, yawancin abin da ake sa matasa su yi faɗakarwa ce: wanke hannu, rigakafi, gidan sauro, auren wuri. Saƙonnin ba su da laifi. Amma idan an riga an rubuta darasin a ofis, an miƙa wa yaro ya haddace, an mai da shi allon talla, kuma 'yan kallo suna gane ƙarshen tun daga fitowa ta farko. Abin da aka gwada a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga tsakiyar shekarun 1970, ƙarƙashin Michael Etherton da abokan aikinsa, daga baya Oga Steve Abah, ya bi wata hanya: ɗalibai su shiga Samaru da ƙauyuka irin Bomo da Maska, su saurari mutane, a gina wasan daga matsalar da mutanen suka faɗa, a bar su su shigo su canza ƙarshensa. Prosper Kompaoré ya yi irin wannan a Wagadugu tun 1978, yana ɗora dabarun Augusto Boal na Brazil a kan wasannin gargajiya. Yaron da aka tambaya me ya kamata wannan matar ta yi yanzu, aka kuma jira amsarsa, ya koyi tunani. Shi ya sa nake ganin masu waƙar baka ta zamani da 'yan rap na N'Djamena, irin Didier Lalaye da ake kira Croquemort, wanda likita ne kuma ya kafa bikin waƙar baka a birnin, sun fi kusa da zuciyar matasa: kalmomin nasu ne, haushin ma nasu ne. Misalinsa kuma ya isa amsa ga mai cewa dandamali da karatu ba sa haɗuwa.

Saura maganar abinci. Cikin yara ɗari da ke gwaji a Chagoua, da wuya a samu biyu da za su ci abinci da kiɗa, kuma duk malamin da ya yi musu alkawarin ɗaukaka ya cuce su. Wutar lantarki ba ta tsayawa, sitidiyo sai da janareta, kasuwar kuma waƙoƙin Najeriya da Kongo da Kwaddibuwa da Sudan sun cika ta. Sauran casa'in da takwas ɗin za su zama malaman makaranta da telolin unguwa da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa, kuma su ne ainihin ribar aikin: mutanen da suka iya tsayawa gaban jama'a, suka iya jiran lokacinsu, suka iya karɓar gyara ba tare da sun ɗauke shi cin mutunci ba.

Abin da ya fi ƙaranci ba baiwa ba ce, ba ma kayan kiɗa ba, tunda H'sao sun nuna ana iya farawa da baki da tafi. Manyan da za su tsaya ne babu. Nijar ta taɓa gwada magance wannan a zamanin Seyni Kountché, lokacin da aka farfaɗo da samariya aka fara bikin matasa na ƙasa a 1976: kowace unguwa da ƙungiyarta, kowace jiha da gasarta. Gwamnatin soja ce, kuma ta yi don amfanin kanta, amma a wannan zamanin ne wasan Hausa ya bunƙasa a Damagaram, kuma Yazi Dogo da ya fi kowa suna a cikinsa malamin makaranta ne. Darasin da ke ciki mai araha ne: malamin firamare da aka horar, aka ba shi awa biyu a mako da inuwar bishiya, ya fi babban biki na shekara-shekara isa ga yara. A Chadi kuwa waɗanda suka fi cancanta su horar da na baya galibi suna waje. Koulsy Lamko, babban marubucin wasan kwaikwayon ƙasar, ya fita tun 1983, ya koyar a Burkina Faso, ya kafa cibiyar fasaha a jami'ar Butare ta Ruwanda, ya ƙare a Meziko. 'Yan H'sao sun zauna a Montreal tun bayan gasar 2001, kuma daga can ne Caleb Rimtobaye, da sunan AfrotroniX, ya ci kyautar kiɗa ta AFRIMA a 2018. Sukan dawo su yi wasa, filin ya cika, matasa su yi ta ihu. Gwajin ranar Talata da yamma kuwa yana hannun wani ɗan shekara ashirin da biyu da ya koya a wurin wani ɗan shekara ashirin da biyar, wanda shi ma yana jiran bizarsa ta fito.